Batir ɗaya, shekara biyar: lissafin barcin na'urorin sadarwa marasa waya

Duk wanda ya taɓa sayen na'urar auna zafi, ko wadda ke sanar da buɗewar ƙofa, irin waɗanda ke aika saƙo ta iska, ya ga alkawarin da ake rubutawa a jikin kwali: batir zai yi shekara biyu, ko biyar, wani lokaci har goma. Alkawarin ba ƙarya ba ne, amma yana da sharaɗi, kuma ba a rubuta sharaɗin a kwalin. Na'urar da ta kai shekara biyar da ƙwayar batir ɗaya ta kai ne saboda ta kwashe fiye da kashi 99 cikin ɗari na rayuwarta tana barci. Bluetooth, Zigbee, Thread, LoRaWAN, duk dabaru ne na yadda rediyo za ta farka, ta faɗi abin da ke bakinta, ta koma ta kwanta kafin batir ya farga. Wanda ya fara da tambayar wacce fasaha ce ta fi, ya fara daga wutsiya. Tambayar farko ita ce: wuta nawa nake da ita a aljihu?

Mu ɗauki batir mai kamar kwabo, CR2032, wanda faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa 3.2, yana ba da bolt 3. Abin da ke cikinsa bai wuce mAh 220 zuwa 240 ba (mA ma'aunin wutar da ake ja ne, mAh ɗaya kuwa shi ne jan mA ɗaya na tsawon awa ɗaya), kuma an auna wannan adadi ne ana jan wuta 'yar kaɗan, wajen mA 0.2, har ƙarfinsa ya sauka zuwa bolt 2. Rediyo ba haka take sha ba, fizga take yi, don haka mai hankali kan yi lissafi da kashi 70 cikin ɗari kawai, wato wajen mAh 154. Shekara tana da awa 8,760. Ka raba 154 da 8,760, za ka samu µA 17.6. Wannan shi ne matsakaicin abin da na'urar za ta sha dare da rana idan ana so ta kai shekara ɗaya. Idan shekara biyar ake nema, µA 3.5 ne kacal. Shi kuwa µA ɗaya, kashi ɗaya ne cikin dubu na mA.

Yanzu ka dubi rediyon. Aisi, wato ɗan guntun lantarkin da ke ɗauke da rediyo da kwakwalwar na'ura, irin nRF52832 na kamfanin Nordic yana shan wajen mA 5.3 lokacin aikawa, da mA 5.4 lokacin sauraro, sannan kusan µA 2 idan yana barci agogonsa na tafiya. Ka sake duba waɗannan alƙaluma biyu na farko. Sauraro ya ɗara magana tsada. A nan ne mafi yawan masu farawa ke tuntuɓe, domin a tunaninsu aikawa ce ke cin wuta, kasa kunne kuwa kyauta ne. Aikawa takan ɗauki milisakan ɗaya ko biyu ta ƙare. Sauraro ba shi da ƙarshe sai wanda ka yanka masa. Rediyon da aka bari kunne a buɗe za ta shanye mAh 154 cikin awa 29.

Saboda haka kowane tsari daga cikin waɗannan yana da wani da aka ɗora wa gadi: waya ce, ko rawuta, ko mashiga (na'urar da ke karɓar saƙonnin ƙanana ta miƙa su gaba) da ke jone da wutar bango, wadda ba ta runtsawa don ƙananan na'urorin su samu su yi barci. Idan wani ya ce maka tsarinsa kowa na kan batir kuma kowa na jin kowa a kowane lokaci, ka tambaye shi wa ke gadin.

Bluetooth mai ƙarancin cin wuta

Wannan reshe na Bluetooth, da ake taƙaitawa da BLE, ya samo asali daga Wibree na kamfanin Nokia a 2006, ya shiga Bluetooth 4.0 a 2010. Yana aiki a zangon GHz 2.4, an raba masa tashoshi 40 masu faɗin MHz 2 kowacce. Uku daga ciki, 37 da 38 da 39, na shela ne: na'ura kan farka ta faɗi sunanta da ɗan bayani a kan ukun a jere, ta koma barci. Shelar gargajiya tana ɗaukar bayit 31, wanda ya ishi zafi, danshi, ƙarfin batir da lambar ƙirga. Na'urori da yawa ba su da buƙatar su ƙulla alaƙa da kowa; shelar kaɗai ta wadatar.

Tazarar shela ana iya sa ta daga milisakan 20 zuwa sakan 10.24, kuma wannan lamba ɗaya ita ce ke yanke hukuncin ran batir. A ce kowace shela a tashoshin uku tana cin µC 15, wato kamar jan µA 15 na tsawon sakan ɗaya (abin da ake samu a aisi na zamani bai yi nisa da haka ba, amma ka auna naka). Idan ana shela kowane milisakan 100, matsakaicin sha ya zama µA 150, a ƙara 2 na barci: batir ya mutu cikin kwana 42. A mayar da tazarar sakan 1: µA 17, shekara guda. Sakan 5: µA 5, shekara uku da rabi. Sakan 10: µA 3.5, shekara biyar. Allo ɗaya, batir ɗaya, ba a canza ko dunƙulen dalma ba.

Ka lura da abin da ya faru a ƙarshen jerin. Daga sakan 5 zuwa 10 an rage magana da rabi, amma ran batir bai ninka ba, domin yanzu barcin ya fi maganar ci. Da zarar ka kai nan, ƙara tazara ɓata lokaci ne. Aikin ya koma kan wutar barci.

Matsalar doguwar tazara ita ce waya kan daɗe ba ta ga na'urar ba, domin ita ma wayar ba kullum take sauraro ba, leƙe take yi. Maganin da aka saba shi ne gudu biyu: idan aka danna maɓalli ko aka saka sabon batir, a yi shela da sauri na sakan 30, daga nan a koma tafiyar hawainiya.

Idan kuwa dole a ƙulla alaƙa, lambobi uku ne ke mulki. Tazarar haɗuwa, daga milisakan 7.5 zuwa sakan 4. Sai adadin haɗuwar da ƙaramar na'ura za ta iya tsallakewa idan ba ta da abin faɗa, wanda ke iya kaiwa 499. Sai wa'adin yanke ƙauna, daga milisakan 100 zuwa sakan 32, wanda idan ya cika ba a ji juna ba alaƙa ta tsinke. Dabarar tana cikin ta biyun. Ka sa tazara milisakan 100 da izinin tsallake 9: na'urar za ta farka sau ɗaya a sakan idan babu labari, amma da an taɓa maɓalli saƙon zai fita cikin milisakan 100. Ƙa'ida ita ce wa'adin yanke ƙauna ya fi ninki biyu na tazarar da aka riɓanya da adadin tsallake haɗe da ɗaya; a misalin nan dole ya wuce sakan 2, kuma gara a ba shi 4 ko 6, domin saƙo biyu su ɓace a jere ba abin mamaki ba ne. Sai dai ka sani, ƙaramar na'ura roƙo take yi, wayar ce ke yanke hukunci, kuma masu ƙera wayoyi suna da iyakokinsu. Manhajar da ta roƙi sakan 1 ta ɗauka an ba ta, alhali wayar ta bar ta a milisakan 30, za ta ci batir fiye da ninki ashirin ba wanda ya sani. Ka karanta abin da aka ba ka bayan roƙon, kar ka dogara da abin da ka roƙa.

Akwai wani ƙaramin abu da masu son rage kuɗin allo kan cire, wato kiristal mai bugu 32,768 a sakan. Aisi yana da agogon cikin gida da zai iya maye gurbinsa, amma kuskurensa kan kai kashi 250 zuwa 500 cikin miliyan, na kiristal kuwa wajen 20. Na'urar da ba ta amince da agogonta ba dole ta buɗe kunne da wuri ta kuma jinkirta rufewa, kada ta rasa lokacin haɗuwa. A barcin sakan ɗaya, kuskuren 500 cikin miliyan rabin milisakan ne na ƙarin sauraro a kowane farkawa, ga kuma wutar da agogon cikin ke ci wajen daidaita kansa lokaci-lokaci. Ga mai shela kawai ba komai. Ga mai doguwar alaƙa, araha ba ta ado.

Zigbee da Thread: raga da iyayen riƙo

Su biyun a kan tushe ɗaya suke, IEEE 802.15.4 na 2003: gudun kilobit 250 a sakan, tashoshi 16 masu lamba 11 zuwa 26 a zangon GHz 2.4, kowane ƙunshi bai wuce bayit 127 ba. Zigbee ya fito a 2004. Thread ya zo bayan shekara goma, shi kuma yana ɗauke da adireshin intanet na IPv6 har cikin ƙaramar na'ura, kuma yana cikin hanyoyin da Matter, wanda aka ƙaddamar a 2022, ke bi.

Ana yawan tallata su da cewa raga ce, kowace na'ura na miƙa wa ta gaba. Gaskiya ce rabi. Masu miƙawa su ne rawutoci, kuma rawuta ba ta barci, don haka wutar bango take so. Na'urar batir 'yar riƙo ce: tana da uwa ɗaya a cikin rawutocin, takan farka ta tambaye ta ko akwai saƙo, ta karɓa, ta kwanta. A Zigbee uwar kan riƙe saƙo na wajen sakan 7.68 kafin ta zubar. Ma'ana, na'urar da ke tambaya sau ɗaya a awa ba za ta karɓi umarni a lokacin da ka aika ba. Shi ya sa wajen canza saitin wasu na'urorin ake cewa ka riƙa danna maɓallinsu don su farka. Makulli ko bawul ɗin da dole ya amsa umarni cikin sakan kaɗan yana tambaya akai-akai, shi ya sa irinsu ke amfani da batir AA, ba mai kamar kwabo ba.

Babban makashin batir a nan shi ne maraici. Uwa ta ɓace, 'ya ta tashi neman wata. Neman yana nufin sauraro a tasha bayan tasha. Da saitin da aka saba, wajen milisakan 138 kowace tasha, sau 16, sakan 2.2 ke nan kunne a buɗe. A mA 8, zagaye ɗaya ya ci daidai da shelar BLE dubu da ɗari biyu. Idan manhajar na maimaita neman kowane sakan 10 ba ja da baya, batirin da aka yi wa lissafin shekara biyu zai ƙare cikin kwana huɗu. Kuma me ke kashe uwar? Galibi ƙwan fitila ne mai Zigbee, wanda rawuta ne, wani ya kashe shi daga makunnin bango kamar yadda ya saba tun yana yaro. Idan batura na mutuwa a ɗaki ɗaya kawai, ruwa ba ya tsami banza: ka nemo wace ce uwarsu. Gyaran ɓangaren gini shi ne a sa rawutocin da ba a kashewa, irin filogin soket, a kuma haɗa na'urar batir a inda za ta zauna, ba kusa da jagoran raga (na'urar da ta kafa ragar) ba sannan a ɗauke ta. Gyaran ɓangaren manhaja shi ne tazarar nema ta riƙa ninkuwa: sakan 10, 20, 40, har ta tsaya a minti 15 ko awa ɗaya.

Sai maƙwabtaka da Wi-Fi, wanda ke zango ɗaya da su kuma ya fi su murya nesa ba kusa ba. Wi-Fi kan zauna a tashoshinsa na 1, 6 da 11. Tashoshin 15, 20, 25 da 26 na Zigbee su ne suka fi kauce masa. Duk ƙunshin da hayaniya ta cinye sai an sake aika shi, kuma batir ne ke biya. 'Yar na'urar Zigbee mai kamar filasha da aka soke kai tsaye a jikin kwamfuta kusa da ramin USB 3.0 tana shan hayaniyar ramin. Igiyar ƙari ta mita ɗaya takan warware abin da aka kwana ana zargin manhaja da shi.

LoRaWAN: nisa da lokaci ake saye

Idan tazarar kilomita ce ba mita ba, kiɗa ya canza. LoRa, wadda LoRaWAN ke hawa kanta, dabarar rediyo ce da kamfanin Cycleo na Faransa ya ƙirƙiro, Semtech ya saye shi a 2012, aka kafa ƙungiyar LoRa Alliance a 2015. Yana aiki ƙasa da GHz 1: MHz 868 a Turai, 915 a Amurka, kowace ƙasa da nata tsari, kuma dole na'ura da mashiga su zama na tsari ɗaya. A ajin A, wanda shi ne na batir, na'ura ce ke fara magana. Bayan ta gama takan buɗe kunne sau biyu, bayan sakan 1 da bayan sakan 2, daga nan ba mai samunta sai ta sake magana don kanta.

Abin lura shi ne matakin shimfiɗa saƙo, daga SF7 zuwa SF12. Kowane mataki sama yana ƙara nisa, yana kuma kusan ninka lokacin da saƙo ke ɗauka a iska. Bayit 10 na bayani, da bayit 13 na kan saƙo, a faɗin kHz 125: a SF7 milisakan 62 ne, a SF12 milisakan 1,483. Ninki ashirin da huɗu. A ce rediyon na shan mA 40 yayin aikawa, ana aikawa kowane minti 10: a SF7 matsakaicin µA 4 ne, a SF12 µA 99, wato sama da mAh 860 a shekara, ban da sauraro da barci. Batirin mAh 2,400 da zai yi shekaru a wuri ɗaya, a wani wurin ba zai cika uku ba, kuma bambancin kawai inda aka kafa mashiga ne. Ƙara mashiga ɗaya, ko ɗaga eriyarta sama da rufin gini, ya fi sayen manyan batura ɗari.

A Turai akwai kuma dokar kashi 1 cikin ɗari a ɓangarorin zangon da aka fi amfani da su, wato sakan 36 na magana a awa. Bayan saƙon sakan 1.48 sai an yi shiru na kusan minti biyu da rabi. Girman saƙo ma raguwa yake yi, a SF12 bai wuce bayit 51 ba, don haka ba a aika rubutu da haruffa; zafin 23.45 a mayar da shi 2345 a cusa cikin bayit biyu.

Kurakurai uku ne ke maimaituwa. Na farko, neman tabbacin an karɓa a kan kowane saƙo: mashiga ba ta ji yayin da take magana, ita ma doka ta ƙayyade mata lokaci, don haka tabbaci kan makara ko ya ɓace, na'ura ta yi ta maimaitawa. A nemi tabbaci sau ɗaya a yini ya isa a san ana raye. Na biyu, barin tsarin daidaita gudu na kai-tsaye, ADR, a kunne a na'urar da ke yawo. An yi shi ne don wadda ke zaune wuri ɗaya, mai yawo kuwa za a saukar da ita SF7 tana kusa, ta yi nisa ta ɓace. Na uku, rashin ajiye makullan zama (lambobin sirrin da na'ura ke samu idan ta shiga tsarin) da lambar ƙirgar saƙonni a ma'ajiyar da ba ta gogewa. Na'urar da ke sake neman shiga duk lokacin da ta farka tana ɓarnar wuta. Wadda aka dasa wa makullai da hannu kuwa, idan ƙirgarta ta koma sifili, uwar garke za ta yi watsi da saƙonninta a matsayin maimaici, ita kuma tana can tana aikawa.

NB-IoT da LTE-M, waɗanda suka zo a fitowa ta 13 ta ƙa'idojin 3GPP, wato na wayar salula, a 2016, suna hawa kan turakun kamfanonin waya, ba ka buƙatar mashigarka. Suna da nasu barcin, PSM da eDRX, amma tsawonsa sai abin da kamfanin ya amince, kuma aikawa da ƙarfin dBm 23 kan fizgi ɗaruruwan mA. Batir mai kamar kwabo ba ya cikin wannan zance. Wi-Fi ma haka: aisi mai Wi-Fi irin ESP32 kan kai mA 240 yayin aikawa, kuma kafin ya gaisa da rawuta ya karɓi adireshi sakan ɗaya zuwa uku sun tafi. Yana yiwuwa a kan batir idan sau kaɗan a yini ne, da manyan batura.

Ɓarayin cikin gida

Sau da yawa rediyo ba ta da laifi. Ka tuna kasafinmu µA 3.5 zuwa 17 ne, sannan ka bi allon da ido.

Na'urar ƙofa mai makunnin maganaɗisu, an ja ƙafar aisinta sama, wato an haɗa ta da wutar batir, ta rezisto na ohm 10,000. Duk lokacin da makunnin ke rufe, bolt 3 a kan 10,000 yana zubar da µA 300. Ƙofa kuwa a rufe take kwana ta wuni. Batir ya tafi cikin mako uku. A sa rezisto na ohm miliyan ɗaya ya koma µA 3, ko kuma a riƙa kunna ja-saman cikin aisi na ɗan ƙiftawa, a karanta, a kashe. Haka rezisto biyu na 100,000 da aka jera don auna ƙarfin batir: µA 15 dare da rana, mAh 131 a shekara, fiye da rabin batirin ya tafi wajen tambayar batirin lafiyarsa. Aisi da yawa na iya auna wutar da ke shigar musu daga ciki ba tare da rezisto ba. In ba haka ba, a sa tiransisto mai yanke layin bayan an auna.

Ƙaramar fitilar alama mai mA 2 da aka bari a kunne za ta shanye CR2032 cikin wajen kwana uku. Ƙiftawar milisakan 5 kowane sakan 10 kuwa µA 1 ce, kuma ido na ganinta sarai. Regileta, wato mai daidaita ƙarfin wuta, irin AMS1117, da ke kan allunan gwaji masu yawa, yana cin wajen mA 5 don kansa ko ba a jan komai. Shi ya sa mutum kan sa ESP32 barcin da takarda ta ce µA 10 ne, ya auna ya ga dubbai. Allon gwaji na gwaji ne. Ga na'urar gaske a nemi regileta mai cin µA 1 ko ƙasa, ko a haɗa aisin da batir kai tsaye idan ƙarfinsu ya dace.

Sauran ɓarayin ba a ganinsu da ido: ƙafar shiga da aka bari tana lilo ba a ɗaure ta sama ko ƙasa ba, layin UART na magana da kwamfuta da aka manta a kunne bayan an gama bin kurakurai, ma'ajiyar filasha ta waje da ba a ba ta umarnin barci mai nauyi ba, na'urar auna da aka yanke wa wuta amma tana tsotsa ta layukan bayanai. Kowannensu na iya cin goma ko ɗaruruwan µA.

Halin batir

CR2032 yana da turjiya a cikinsa, wajen ohm 10 zuwa 20 yana sabo, tana hawa yayin da yake tsufa ko ya ji sanyi. A ce ta kai ohm 60, batirin na nuna bolt 2.6 a zaune. Rediyo da kwakwalwar aisi suka fizgi mA 15: bolt 0.9 ya faɗi a cikin batirin, saura 1.7, daidai bakin inda aisi ke sake tashi. Ya tashi, tashin ya ci wuta, ya yi yunƙurin shela, ya sake faɗuwa. Haka zai yi ta yi har ya ƙarasa batirin da ke da sauran rai. Mai gyara ya ciro batirin ya auna da maltimita ya ga 2.6, ya ce lafiyarsa ƙalau.

Magani kafasito ne, wato ɗan ma'ajin wuta mai bayarwa nan take, a gefen batir. Lissafinsa: wuta sau lokaci, a raba da girman kafasito. Fizgar mA 10 ta milisakan 3 a kan µF 100 tana sauke bolt 0.3 kawai. A zaɓi na yumɓu, domin yoyon da takardun irin tantalum da na ruwa ke yarda da shi kan kai µA da yawa a wannan girma. A kuma tuna na yumɓu kan rasa wani kaso na girmansa idan wuta na kansa, don haka a ɗauki mai jure bolt 6.3 ko 10. A manhaja kuma, kar a kunna fitila, rediyo da rubutun filasha lokaci guda, kuma a auna batir nan da nan bayan aikawa, lokacin da yake a gajiye.

Ga manyan ayyuka, alkalin AA yana da wajen mAh 2,500 amma yana yoyo idan ya daɗe kuma sanyi na karya shi. Lithiyam mai bolt 3.6, irin ER14505, yana da kusan haka a girman AA, yana zubar da wajen kashi 1 cikin ɗari a shekara, shi ya sa mitocin ruwa da gas ke son sa. Aibinsa biyu: ba ya son fizga mai ƙarfi sai da babban kafasito, kuma idan ya daɗe a ajiye wani ɓawo kan rufe cikinsa, fizgar farko ta sa ƙarfinsa ya faɗi. Sabonsa kan ɗan haura 3.6, don haka a duba iyakar aisin. Batirin caji na lithiyam kuwa kan zubar da kashi 2 zuwa 3 a wata shi kaɗai, bai dace da aikin shekara biyar ba sai da hasken rana a bayansa.

Eriya ma batir ce ta wata fuska. Kowane dB 3 ninkin ƙarfi ne, kuma a fili dB 6 ne ke ninka nisa. Eriyar rubu'in tsawon igiyar rediyo a GHz 2.4 wajen santimita 3.1 ce, a MHz 868 wajen 8.6. Batir ko dunƙulen ƙarfe da aka manna mata, ko tagullar allo da aka shimfiɗa ƙarƙashinta inda takarda ta ce a bar fili, na iya cinye dB da yawa, sai a rama da ƙara ƙarfin aikawa ko hawa SF. A gwada nisa da na'urar a cikin akwatinta, a manne a inda za ta zauna.

Awo

Maltimita ba ta iya wannan aiki ita kaɗai. A ma'aunin µA tana da turjiya babba, da rediyo ta farka sai wuta ta faɗi aisi ya sake tashi. A ma'aunin mA kuwa ba ta ganin barcin. Ana buƙatar abin da ke sauya ma'auni da kansa cikin sauri, irin Power Profiler Kit II na Nordic mai ɗaukar awo 100,000 a sakan, ko Joulescope. Wanda ba shi da su zai iya raba aikin biyu: rezisto na ohm 10 a layin batir da osiloskof don ganin siffar farkawa, inda kowane milibolt 10 ke nufin mA 1; sannan maltimita don barci, a gajarce ƙafafunta da waya har na'urar ta kwanta, sannan a cire wayar.

Kafin a auna, a zare igiyar saka manhaja, a cire wuta gaba ɗaya a mayar, domin aisi da yawa ba sa barcin gaske muddin suna ganin an jone su da mai bin kurakurai. A auna farkawa ɗaya a samu µC ɗinta, a riɓanya da yawanta a awa, a ƙara barci. Sannan a yi awon da aka fi mantawa: a kashe mashigar ko rawutar, a bar na'urar a kan ma'auni awa ɗaya tana neman wanda ba ya nan, a rubuta matsakaicin. A sake kunna mashigar, a duba minti nawa ta ɗauka kafin ta dawo, kuma ko wutar barcinta ta koma inda take a da.